An sabunta manhajar NAS, kaset ya ƙi ɗauka: kurakuran da aka fi yi

Akwai ofisoshi da makarantu da har yanzu suke kwashe bayanan rumbunsu na NAS (akwatin ajiyar fayiloli da kwamfutoci ke shiga ta hanyar sadarwa) zuwa kaset ɗin LTO, wato kaset na maganaɗisu da ake adana kwafin bayanai a ciki, kuma suna da hujja: kaset ɗin da aka zare aka kulle a durowa, masu kulle fayiloli ta intanet don neman kuɗin fansa ba su isa su taɓa shi ba. Rigima takan taso ne washegarin da aka sabunta manhajar rumbun. Aikin kwafi na dare ya faɗi, shugaba yana tambaya, mai kula da kwamfutoci ya rikice.

Abin da aka fi yi shi ne a ɗora wa na'urar kaset laifi nan take. Da yake mun saba da ƙurar hunturu, sai a ce ai kan na'urar ne ya yi datti, a yi ta zura kaset ɗin wanki. Wannan kaset kusan sau 50 kawai ake amfani da shi, kuma ba a sa shi sai na'urar ta nema da kanta, domin yawan wanki yana cinye kanta. Jiya lafiya lau take aiki, abin da ya canza manhaja ce, to can za ka fara dubawa. Buɗe rajistar aikin ka ga inda ya tsaya: wajen shiga rumbun ne, ko wajen rubutu a kaset?

Idan wajen shiga ne, yawanci sabuwar manhajar ta rufe wata tsohuwar hanya. Samba, manhajar raba fayiloli da rumbuna da yawa ke amfani da ita, ta daina karɓar tsohuwar hanyar shiga ta SMB1 tun fitowar 4.11 a 2019 sai an kunna da hannu, haka kamfanin Synology mai ƙera rumbuna ya yi a manhajarsa ta DSM 7. Wasu sai su sake kunna SMB1 su huta. Ban ba da wannan shawara ba, ta nan manhajar kulle fayiloli ta WannaCry ta yi ɓarna a 2017. Gara a sabunta manhajar kwafin ta koma SMB2 ko SMB3. Masu amfani da NDMP kuma, wato tsarin kwashe bayanan rumbu zuwa kaset, su duba ko yana kunne, ko katangar tsaro ta toshe ƙofar sadarwarsa mai lamba 10000, sannan su sake shigar da kalmar sirrinsa.

Wanda ya fi haɗari shi ne wanda ba ya nuna alama. A tsarin kwamfuta na Linux na'urar kaset ɗaya suna biyu gare ta: /dev/st0 da /dev/nst0. Na farkon yana mayar da kaset farko duk lokacin da aka gama rubutu, na biyun yana barinsa inda ya tsaya. Idan wajen sake saiti aka rubuta st0 a madadin nst0, kowane aiki zai hau kan na baya ya shafe shi, rajista kuwa tana cewa komai ya tafi daidai. Ba za a gane ba sai ranar da akanta ya zo neman takardar albashin watan jiya. Lambobin ma sukan sauya bayan sabuntawa, mai 0 ta koma 1, musamman inda na'urori biyu suke. Maganinsa a yi amfani da sunan da ke cikin /dev/tape/by-id, wanda ke ɗauke da lambar masana'antar da ke jikin na'urar kuma ba ya canzawa.

Akwai kuma masu ganin kaset ya cika da wuri su ce ya lalace. Sau da yawa sabuntawar ce ta taɓa izinin fayiloli, manhajar kwafi ta ɗauka duk sababbi ne, ta kwashe rumbun gaba ɗaya maimakon abin da ya ƙaru. Ka yi cikakken kwafi sau ɗaya, ka duba daren da ke biye. In kuma ka ji na'urar tana tafiya tana tsayawa tana komawa baya, rumbun ne ba ya turo bayanai da saurin da take buƙata, galibi don yana sake lissafa fayilolinsa. Jira ya gama.

Sai masu sayen sabuwar na'ura cikin gaggawa. LTO zubi-zubi take fitowa, kowane da lambarsa. Har zuwa LTO-7 na'ura tana karanta kaset na zubi biyu baya, amma LTO-8 ba ta karanta komai ƙasa da LTO-7. Wanda ke da kwalin LTO-6 ya sayo LTO-8, ya yi asarar kuɗi, tsofaffin bayanansa kuma suna nan a rufe. Haka mabuɗin sirri: in ana rufe kaset da tsarin ɓoye bayanai na AES, a fitar da mabuɗin da kundin manhajar kwafi a adana su daban kafin a taɓa komai.

Bayan kowane gyara, ɗauki kaset guda na kafin sabuntawa da guda na bayanta, ka tura maɓallin hana rubutu a jikin tsohon, ka dawo da fayil daga kowanne zuwa wani wuri daban, ka buɗe ka tabbatar yana karantuwa.