Yadda za ka sa ido kan abin da yaronka ke yi a intanet ta Wi-Fi ɗin gida

Datar wata guda ce ta fara ƙare mana cikin kwana goma sha biyu, shi ya sa wani dare bayan sallar isha'i na zauna na buɗe saitin rautar gidanmu, wato na'urar da ke raba Wi-Fi. Kuɗina nake bi, ban je neman laifin kowa ba. Sai na tarar da na'urori tara a kan layin, alhali idan aka haɗa wayoyin gidan da kwamfuta da talabijin, shida ne. Cikin ukun da suka ƙaru, biyu na yaran maƙwabta ne. Ta ukun ce ta sa gabana ya faɗi: tsohuwar wayar uwargida ce da gilashinta ya tsage muka jefa a durowa, ashe ɗanmu mai shekara goma sha biyu ya ɗauko ta ya yi mata caji, yana kwana da ita a ƙarƙashin matashi. Babu SIM a cikinta, kuma ba ta buƙatarsa tunda ga Wi-Fi.

Kafin ka taɓa komai, ka san iyakar abin da rauta za ta iya nuna maka. Kamar dattijon da ke zaune a zaure take: duk mai fita ta gabansa zai wuce, ya san wanda ya fita, da lokacin, da gidan da ya nufa, har da nauyin kayan da ya dawo da su. Abin da aka tattauna a can gidan kuwa bai sani ba. Yawancin shafukan yanzu a kulle suke aika bayanansu, shi ne ma'anar https da kake gani a farkon adireshi, kuma tun 2016 saƙonnin WhatsApp ba mai iya karanta su sai wanda ya aika da wanda aka aika wa. Za ka ga yaro ya shiga YouTube, ba za ka ga bidiyon da ya kalla ba. Duk wanda ya ce zai saita maka rauta ka riƙa karanta hirar ɗanka, ka riƙe kuɗinka.

Mataki na farko: shiga cikin rautar

Ɗaga rautar ka duba ƙasanta. Idan ƙaramar MiFi ce, wato rautar aljihu mai batir, cire murfin baya, wani lokaci har da batirin. Akwai takarda a manne mai ɗauke da adireshin shiga da sunan mai shiga da kalmar sirri. Haɗa wayarka da Wi-Fi ɗin, buɗe Chrome, rubuta adireshin a inda ake rubuta sunan shafi. Yawanci 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1, na Huawei kuma 192.168.8.1. Masu TP-Link za su iya sauke manhajar Tether, ta fi sauƙin sarrafawa a waya.

Mataki na biyu: canza kalmomin sirri, duka biyun

Mutane da yawa ba su san cewa biyu ne ba. Akwai ta hawa Wi-Fi, wadda ake ba baƙo idan ya zo, akwai kuma ta shiga saitin rautar kanta, wadda a gidaje da dama har yau "admin" ce kamar yadda ta fito daga kwali. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: yaron da ya san wannan kalmar zai warware duk abin da ka ɗaura cikin minti biyu. Canza ta, kuma kada ka sa sunan wani a gidan ko shekarar haihuwa ko lambar wayarka. Rubuta ta a takarda ka ajiye inda kake ajiye takardun gida.

Sannan canza ta Wi-Fi ɗin, ka kashe WPS idan akwai, wato tsarin da ke ba na'ura damar hawa ba tare da rubuta kalmar sirri ba. Duk na'urori za su sauka, sai ka mayar da su ɗaya bayan ɗaya da hannunka. Ka sani cewa daga Android 10 zuwa sama, wayar da ke kan Wi-Fi tana iya nuna lambar QR da wata wayar za ta ɗauka ta hau. Ta nan yaran maƙwabtanmu suka shigo, ba wanda ya faɗa musu kalmar sirri da baki.

Rautar kanta ta koma ɗakin iyaye. A bayanta akwai ɗan rami da aka rubuta Reset. Idan aka danna shi da tsinke na daƙiƙa goma ko makamancin haka, komai zai koma yadda kamfani ya saita, kalmar da ke jikin takardar nan ta sake aiki. Ranar da ka ga sunan Wi-Fi ɗinka ya koma na asali, wani ya taɓa ramin.

Mataki na uku: ba kowace na'ura suna

Nemi inda aka rubuta Connected Devices, ko Clients, ko Device List. Za ka ga jerin sunaye, wasu a fili kamar TECNO ko Infinix ko Galaxy, wasu haruffa da lambobi ne kawai. Kowace tana da lambar MAC, wato lambar shaidarta mai haruffa da lambobi goma sha biyu. Hanya mafi sauƙi ta ganewa: kashe Wi-Fi a waya ɗaya, sabunta shafin, wadda ta ɓace ita ce. Idan rautar ta ba da dama, canza mata suna zuwa wanda za ka gane.

Akwai wani abu da ke rikita iyaye a nan. Wayoyin zamani, daga Android 10 da iOS 14, suna ba rauta lambar MAC ta aro maimakon ta gaskiya, saboda kare sirrin mai waya a wuraren jama'a. A gida wannan yana iya sa wayar yaro ta bayyana kamar sabuwar baƙuwa, dokar da ka sa mata ta daina kama ta. Shiga saitin Wi-Fi ɗin gidan a wayarsa, a Android ka zaɓi Use device MAC, a iPhone ka kashe Private Wi-Fi Address. Bayan haka, idan rautarka tana da MAC Filter, sa ta a kan tsarin da ba mai hawa sai waɗanda ka rubuta. Kada ka manta da saka taka wayar a jerin kafin ka adana, in ba haka ba za ka kulle kanka a waje.

Mataki na huɗu: zauna da yaron

Na sa wannan a tsakiya da gangan, domin daga nan za a fara sa ido na gaske, kuma ban yarda a yi shi a ɓoye ba. Daren da na gano wayar ban tashe shi ba. Washegari bayan ya karya na kira shi na nuna masa jerin.

"Wannan ta wace ce?"

Ya sunkuyar da kai. "Baba, ƙwallo kawai nake kallo."

Na ce masa na ji, kuma daga yau ni da mamansa za mu riƙa ganin sunayen shafukan da ake shiga da lokacin da aka shiga, hirarsa da abokansa kuwa ba ma gani. Na gaya masa dalili: akwai masu damfara, akwai masu jan yara zuwa caca, akwai manyan banza da ke shigar yara suna neman hotuna. Na yi masa alkawarin duk ranar da wani abu ya faɗo masa ko wani ya tsorata shi, idan ya zo ya faɗa, ba zan karɓe wayar ba. Wannan alkawarin ya fi duk saitin da na yi amfani, domin yaron da ya san faɗar gaskiya za ta raba shi da waya, shiru zai yi ko da abin yana cinsa.

Mataki na biyar: lokaci

A ƙarƙashin Parental Controls ko Access Control za ka zaɓi na'urar yaro ka sa mata sa'o'i, misali ta sauka da ƙarfe tara na dare sai bayan an dawo daga makaranta da Islamiyya. Tabbatar agogon rautar yana kan lokacin ƙasarku, in ba haka ba za ta yanke a lokacin da ba shi ba. Idan taka ba ta da wannan tsari amma tana da Guest Network, wato layin Wi-Fi na daban don baƙi, ɗora yara a kansa su kaɗai, ka riƙa kashe shi da dare. MiFi kuwa a ɗauke ta a shiga ɗaki da ita.

Mataki na shida: tacewa da ganin inda aka je

Yawancin rautocin gida ba sa ajiye tarihin shafuka yadda ya kamata, wasu ma da an ɗauke wuta abin da suka rubuta ya goge. Don haka aikin a kan DNS ake ɗora shi. DNS kamar ɗan kamasho ne a tasha: waya ta faɗa masa sunan shafin da za ta, shi kuma ya nuna mata motar. Idan ka sa ɗan kamashon da ka yarda da shi, wasu garuruwan zai ce babu mota.

Mafi sauƙi shi ne na Cloudflare, kyauta ne kuma ba sai ka yi rajista ba. A saitin rauta, ƙarƙashin DHCP ko Internet ko WAN, nemi gurbin DNS, ka sa 1.1.1.3 a na farko, 1.0.0.3 a na biyu. Wannan yana toshe shafukan batsa da masu ɗauke da ƙwayar cutar kwamfuta. Na OpenDNS ma yana irin wannan aikin: 208.67.222.123 da 208.67.220.123. Kashe rautar ka kunna, sannan gwada buɗe nudity.testcategory.com, shafin gwaji ne marar komai. Idan ka sa na Cloudflare kuma ya ƙi buɗewa, tacewar ta kama. Wasu rautocin da kamfanonin layi ke sayarwa ba su da wannan gurbi. Idan haka taka take, yi shi a wayar yaron: a Android 9 zuwa sama, rubuta Private DNS a wurin bincike na saiti, ka shigar da family.cloudflare-dns.com.

Waɗannan suna toshewa ne, ba sa kawo maka rahoto. Idan kana son gani da idonka, buɗe asusu a nextdns.io. Za su ba ka lamba ta musamman, sai ka sa ta a Private DNS ɗin wayar yaro, a haɗe da adireshin da za su nuna maka a shafin Setup. A ɓangaren Parental Control ka zaɓi abin da za a toshe, kamar batsa da caca da shafukan neman soyayya, ka kunna SafeSearch mai tace sakamakon bincike, da YouTube Restricted Mode mai ɓoye bidiyon manya, da Block Bypass Methods mai toshe hanyoyin kauce wa tacewa. A ɓangaren Logs za ka ga sunan kowane shafi da lokacinsa, ko da yaron ya yi amfani da Incognito, wato yanayin ɓoye na Chrome, domin Incognito tarihin cikin waya kawai yake hana ajiyewa. Kyauta ne har tambayoyi 300,000 a wata. Idan aka wuce, intanet zai ci gaba da aiki amma tacewa ta tsaya sai sabon wata. Na fi son sa shi a waya maimakon rauta saboda dalili biyu: rautar SIM adireshinta na waje yana yawan canzawa, haɗin ya riƙa kwancewa, sannan na cikin waya yana bin yaro ko ya hau data ko Wi-Fi ɗin wani gida.

Karanta rahoton yana son natsuwa. Mafi yawan sunayen da za ka gani ba yaron ne ya buɗe su ba, manhajoji ne ke magana da kamfanoninsu, da tallace-tallace da ke faɗowa cikin wasanni. Sunan shafin caca sau ɗaya da rana tsaka yana iya zama talla ce. Wanda ke maimaituwa kullum, ko motsi da ƙarfe biyu na dare, shi ne abin dubawa. Na ga uban da ya zane ɗansa a kan sunan da talla ta jawo, daga baya ya rasa yadda zai haɗa ido da shi.

Mataki na bakwai: toshe ƙofofin baya

Yaro yana iya cire Private DNS ɗin, ko ya sa VPN, wato manhajar da ke ɓoye inda waya take shiga, ko ya koma Opera Mini, wanda tsarinsa na rage cin data yake bi ta na'urorin kamfanin, sai ka ga sunan Opera kawai. Alamar duk waɗannan ɗaya ce: wayar tana cin data, rahoto kuma shiru. Maganin yana cikin wayar. Sauke Google Family Link a taka, haɗa asusun Google na yaron, daga nan ba zai sauke manhaja daga Play Store ba sai ka amince, za ka ga awannin da ya yi a kowace manhaja, kuma za ka iya kulle wayar da dare. A iPhone, Screen Time ne ke wannan aiki. Mai TikTok akwai Family Pairing, mai haɗa asusun iyaye da na yaro, kuma ƙa'idar kamfanin ma ita ce sai ɗan shekara 13.

Ƙofa ɗaya ba ta bi ta intanet ko kaɗan, kuma a wurarenmu ita ce mafi faɗi: turawa. Xender, Bluetooth, memori, da masu tura fina-finai a bakin kasuwa. Bidiyon da aka tura wa yaro a bayan aji ba rautar da za ta gan shi. Wannan sai dai ka riƙa ɗaukar wayar a gabansa lokaci-lokaci kuna duba ma'ajiyarta tare, ka kuma san su wa yake yawo da su.

Ni ranar Juma'a da yamma nake duba rahoton, minti goma ya isa, kuma sau da yawa ɗan nawa yana zaune kusa da ni. Idan na ga abin da bai kwanta mini ba, ina jira sai mun keɓe, ba a gaban ƙannensa ba, in fara da tambaya. Yanzu ya kai sha huɗu. Na ƙara masa awa ɗaya a daren Juma'a da Asabar, na sassauta kullen YouTube saboda darussan lissafi da yake bi suna faɗawa ciki, na bar na caca da batsa yadda suke. Wayar kuwa har yanzu a ɗakinmu take kwana, a kan teburin da rautar take.