Kurakuran da aka fi yi wajen lissafin ICC

Duk lokacin haɗa furojet, ɗalibai a nan Kaduna kan kawo min awon nauyin yara, tsawo, kaurin damtse da hawan jini, kowanne an auna shi sau biyu ko uku, suna son ICC (intraclass correlation coefficient, lambar da ke kusantar 1 idan awon da aka maimaita ya dace da juna) ya nuna ko awon abin dogaro ne. Kurakuran ba sa canzawa, har na gaji.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne latsa SPSS, manhajar lissafin alƙaluma, ba tare da sanin wane ICC ake nema ba. ICC ba guda ɗaya ba ne. Shrout da Fleiss sun fayyace iri shida a 1979, McGraw da Wong suka kai su goma a 1996. Idan ba ka taɓa komai ba, SPSS zai duba ko awon farko da na biyu suna hawa da sauka tare ne kawai, ba ko sun ba da lamba ɗaya ba. A ce nas biyu sun auna hawan jini, ɗaya kullum tana fin ɗayar da 10. Wannan zaɓin zai ba ka 1 cif, lissafin Pearson (mai auna dangantakar jerin lambobi biyu) ma haka, alhali ba su taɓa yin daidai a kan mutum ko ɗaya ba! Ni dai, in har da lambar za a yanke hukunci a kan mara lafiya, zaɓin cikakken daidaito nake ɗauka.

Sai kwaɗayin layin ƙasa. SPSS yana fitar da layi biyu: na sama na awo ɗaya, na ƙasa na matsakaicin awon. Na ƙasan ya fi girma, sai kowa ya kwafe shi. Idan na awo ɗaya 0.60 ne, matsakaicin awo biyu zai zama 0.75, na uku kusan 0.82. To ɗan'uwa, a asibiti sau nawa ake auna yaro? In sau ɗaya ne, layin sama ne naka.

Abin da ya taɓa jawo min asarar aikin makonni kuwa ya faru ne a inda ma'aunai suka yi yawa. An kawo min fayil na Excel mai ginshiƙai da dama, ashe wani ya jera ginshiƙi ɗaya shi kaɗai, awon farko na wannan yaro ya haɗu da awo na biyu na wancan. Kwamfuta ba ta yi ƙorafi ba, lamba ta fito abinta, muka ɗora wa na'ura laifi. Haba! Yanzu ba na haɗa ginshiƙai da lambar wurinsu. Ina sa musu suna, nauyi_1 da nauyi_2, in haɗa da sunan a manhajar lissafi ta R, kowane yaro da lambarsa, sannan in zana hoton kowace tagwayen awo kafin in yarda da komai.

Haɗa 'yan shekara ɗaya da 'yan sha biyu yana kumbura ICC na tsawo, ko da mai awon bai iya ba, domin bambancin tsawonsu yana rufe kuskuren awon. Kada ka rubuta ICC babu tazarar amincewa ta kashi 95, wato iyaka ta ƙasa da ta sama da ake sa ran ainihin ICC yana tsakaninsu. Ka duba yawan mutanen da aka lissafa, domin SPSS yana jefar da duk wanda ke da gurbi ko ɗaya.