Shirin Gida Kafin Hadari Ya Sauko a Kaduna

Iskar farkon damina, wajen Afrilu da Mayu, ita ke yaye rufi.

1. Tun da sauran rani, duba kwanon rufinka. Wanda ƙusarsa ta saki har yana ƙara, kira kafinta ya buga. Ɗora dutse bai isa ba, in ya faɗo kan yaro kuwa, Allah ya kiyaye.
2. Yashe kwatar ƙofar gida, leda ce ke toshe ta.
3. Da gabas ta yi baƙi, kira yara, a kwashe shanya.
4. Zare firji da talabijin daga soket saboda tsawa.
5. In kana hanya, kada ka fake gindin bishiya ko turken wuta. Ruwan da ya shafe titi, musamman kusa da kogin Kaduna, jira ya janye kafin ka tsallaka.