Shawara ga mai son saya wa yaro bahago bindigar farauta

Salam 'yan uwa maharba. Duk wanda ɗansa bahago ne kuma yana so ya fara shiga daji, don Allah kar a tilasta masa harbi da dama, a fara duba idonsa tukuna. Ya miƙa hannu ya nuna wata bishiya da yatsa ido biyu a buɗe, sai ya rufe ido ɗaya bayan ɗaya, idon da in shi kaɗai ne a buɗe yatsan ya tsaya kan bishiyar bai goce ba to shi ne idon saitinsa, kuma kafaɗar wannan ɓangaren zai ɗora bindiga, ai wani bahagon ma idonsa na dama ne mai ƙarfi.

In hagu ne, ni dai shawarata a nemi mai baki ɗaya wadda ake karyawa a sa harsashi, ba ruwanta da dama ko hagu. Waɗanda ke tofar da kwanso ta gefen dama kuwa ta gaban fuskar yaron zai riƙa wucewa da zafinsa, abin ba daɗi wallahi. Ita ma baushe, wato bindigar gargajiya da ake ɗura wa albarushi, haka take, yawanci maƙera a dama suke sa wurin kama wutar, tartsatsin albarushi kusa da ido kenan, gara a sa maƙerin ya yi masa ta hagu tun farko. Gindin bindigar ma a auna, kar ya yi masa tsawo har ya riƙa miƙa wuya kafin yatsa ya kai kunama.

Sai maganar lasin, dokar Najeriya ba ta ba wanda bai kai shekara 17 ba, kafin nan ya riƙa bin ku yana koyo a hannun Sarkin Baka.