Yadda ake jona wayar mota a ƙara mata tsawo

Sau da yawa in ka ji mota na warin ƙonewar roba, ko fitila na kawowa tana ɗaukewa, ka duba za ka tarar wani ne ya murɗe waya biyu da hannu ya naɗa baƙin salatif ya ce an gama. Zafin nan namu narkar da gam ɗin yake, salatif ya warware, waya ta taɓa bodi shikenan.

Kafin ka taɓa komai cire kan batir na negetib, wanda ke haɗe da bodi. Eh ƙarfin wutar batirin bolt 12 ne ba zai ja ka ba, amma tartsatsinsa ya isa ya narkar da waya.

Wayar da za ka ƙara kaurinta ya zama daidai da ta motar ko ya ɗan fi, siririya zafi take ɗauka. Kuma mai silili da yawa ake sa wa, banda wayar gida mai ƙwaya ɗaya, girgizar hanya karya ta take. Ka ɗan kankare silin ma ka gani, in cikin fari ne to alminiyon ne aka yi wa rufin jan ƙarfe, ajiye musu kayansu.

Fere kowane baki kamar santimita 2 zuwa 3, a hankali kar reza ta yanke silin. To nan ne kowa ke mantuwa, ka fara zura robar nan mai tsukewa in ta ji wuta, hit shirink, ka tura ta can gefe tukuna, in ka riga ka jona babu ta inda za ta shiga sai ka sake yankewa, ni kaina ya sha faruwa da ni. Sai ka gicciye bakunan biyu, ka naɗe wannan a jikin waccan, waccan a jikin wannan, ka ja ka ji bai zame ba. Wajen dalma wayar ake zafafawa har ta sha dalmar da kanta, ba ɗiga mata ake ba, kuma kaɗan ta isa, in ta yi yawa wajen sandarewa yake ya karye. Kusa da inji inda jijjiga ta fi yawa ni na fi son konekta ta matsewa, in dai da filayar matse ta aka matse. In ka gama jonawa jawo hit shirink ɗin ta rufe wajen, ka bi ta da laita daga ɗan nesa.

In wayoyin da yawa ne kar ka jona su a layi ɗaya, kowace a ɗan gaba da 'yar uwarta. Sabon layi daga batir kuwa, na hon ko ƙarin fitila, sa masa fis dab da batirin.

Wayar iyabag, jakar iskar nan mai fitowa in an yi hatsari, yawanci da rawayar konekta take zuwa, wannan kam kar ka yanka, kai wa mai wayarin da ya san ta.