Yadda ake gano lambar rajistar jirgin sama a jikinsa

Kusan duk wanda na koya wa wannan abu a wuri ɗaya yake tuntuɓe: sai ya karanto lambar da ke kan tikitinsa ya ce ita ce lambar jirgi. Waccan lambar tafiya ce, yau wannan jirgi ya ɗauke ta, gobe wani. Ta rajista kuwa kamar lambar mota take, a jikin jirgin aka rubuta ta. Jirgin Turkish Airlines, tikitinsa TK ne amma jikinsa TC. Na Ethiopian Airlines na Habasha ya fi rikita mutane, don ET ce a tikiti da jikin jirgin duka.

Da farko, rabu da gaban jirgi, sunan kamfani ne kawai a can. Kai idonka baya, tsakanin tagogin ƙarshe da wutsiya. Ƙa'idar ICAO, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ta ce tsayin haruffan nan kada ya gaza santimita 30. Ka ji kamar babba, amma a jikin Boeing 777-300ER mai tsawon kusan mita 74, ɗan tsito ne. Wasu kamfanonin ma da launin toka suke rubutawa a kan fari. Ɗauki hoto da waya ka zuƙo shi, ba sai ka kashe kuɗi kan madubin hangen nesa ba.

In motar kaya ko matakala ta tare maka baya, duba murfin tayar gaba. A nan na taɓa shan kunya. Na kwafe haruffa biyu na koma gida ina ta nema a intanet, ban samu komai ba. Ashe ƙarshen lambar kawai ake sawa a wurin, haruffa biyu ko uku, saboda ma'aikatan ƙasa. Wasu kamfanonin Amurka ma lambar cikin gida suke sakawa, wadda ba ta da alaƙa da rajista. Don haka kada ka yarda da murfin taya shi kaɗai, sai ka haɗa da na baya.

Jirgin da ke sama kuma, ƙarƙashin fiffiken hagu za ka duba. Haruffan can sun fi girma, aƙalla santimita 50, kawunansu na fuskantar gaba. Yawancin jiragen Amurka ba sa rubutawa a nan. Idan kai fasinja ne, akwai ɗan allon ƙarfe da wuta ba ta ci, mai ɗauke da lambar, kusa da ƙofar shiga, amma 'yan bayanka ba za su bar ka ka tsaya ba.

Sauran kuma sai karanta farkon lambar, wanda ke nuna ƙasar da aka yi wa jirgin rajista: 5N Najeriya, 5U Nijar, 9G Gana, TT Chadi, HZ Saudiyya. Lokacin jigilar alhazai za ka iya ganin sunan kamfanin gida da lambar wata ƙasa, jirgin haya ne. Zuba lambar a Flightradar24, shafin bibiyar jiragen sama a intanet, ka ga samfurin jirgin. Hoto dai daga tagar ɗakin jiran fasinjoji, ban da bakin katangar filin jirgi, in ba ka shirya amsa tambayoyin jami'an tsaro ba.