Yadda ake sauraron faifan Innervisions na Stevie Wonder

Innervisions ya fito ranar 3 ga Agusta, 1973, a ƙarƙashin Tamla, reshen kamfanin Motown na Amurka, lokacin Stevie Wonder yana da shekara 23. Waƙoƙi 9 ne, tsawonsu kusan minti 44. Abin da ya kamata ka riƙe tun kafin ka kunna shi: yawancin kiɗan da za ka ji, har ka ɗauka taron makaɗa ne, mutum ɗaya ne ya yi shi, wato Wonder da kansa. Yakan buga kayan kiɗa ɗaya a naɗa, ya dawo ya ɗora wani a kai, har ganga, fiyano, bes da murya su cika. Gwanintar sauraron faifan ita ce kunnenka ya iya raba waɗannan sassa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya mayar da su wuri guda.

Fara da gyara kayan sauraro

Kada ka yi amfani da sifikar waya. Ƙaramar sifika ba ta iya fitar da sauti mai kauri, bes ɗin wannan faifai kuwa galibi na'urar Moog ce, mai ƙirƙirar sauti da lantarki, ke yin sa, can ƙasa yake zaune. A sifikar waya sai ya ɓace, kiɗan ya koma fayau ba nauyi. Ka sa iyafis a kunnuwa biyu, ko ka haɗa da sifika biyu, hagu da dama. Kunne ɗaya yana zubar da wani ɓangare na aikin, domin an rarraba kayan kiɗan ne tsakanin gefen biyu.

Ka kashe maɓallin da ke cakuɗa jerin waƙoƙi, da wanda ke shigar da ƙarshen wata waƙa cikin farkon wata. Ka kashe na ƙara bes ma, don yana kumbura ƙasan kiɗan har ya danne ganga. Ƙarar kada ta wuce rabi da ɗan ɗoriya. In faifan garmaho ka samu, juyi 33 da sulusi a minti ɗaya ake sa shi, a goge ƙura kafin a ɗora allura.

Sai ka duba tsawon "Living for the City". In ka ga minti 3 da wani abu, wadda aka gajarta saboda gidajen rediyo ce. Ta faifan ta haura minti 7, kuma abin da aka yanke ɗin shi ne zuciyar waƙar.

Zagaye na farko: daga farko har ƙarshe

Ka saurara a jere, ba tsallake, ba karanta komai. Bayan waƙa ta 4, "Golden Lady", ka dakata minti biyu. A nan gefen farko na faifan ya ƙare, kuma da wannan hutun aka tsara jerin: "Higher Ground" ce ke buɗe gefe na biyu da sabon ƙarfi.

Zagaye na biyu: bi kayan kiɗa ɗaya kawai

Nan ne aikin yake. A kowace waƙa zaɓi abu ɗaya ka manne masa, ka ƙyale muryar.

A "Too High" bi bes. Shi ne ke jan ragamar tun daga bugun farko, 'yan amshi kuma suna tafiya tare da shi. Daga baya hamonika ta shigo, Wonder ne da kansa ke busawa. "Visions" kuwa ba ganga ko ɗaya a cikinta, kuma a nan akwai wasu hannuwa: Malcolm Cecil a kan babban bes na katako, Dean Parks da David T. Walker a kan jita. Ka kwatanta wannan bes da na waƙar da ta gabata. Na katako kana jin yatsa na fisgar tsirkiya, sautin ya mutu a hankali. Na Moog yana tsayawa cak iya lokacin da aka danna. Da zarar ka kama wannan bambanci, sauran faifan ya buɗe maka.

"Higher Ground" ta fi kowace buƙatar maimaici, a ganinmu sau uku ba su yi yawa ba. Sautin nan mai kama da jita da ke buɗe ta, kilabinet ne, wani ɗan fiyano na kamfanin Hohner mai tsirkiya a ciki, an bi da shi ta na'urar Mu-Tron. Na'urar tana buɗe sautin gwargwadon ƙarfin da aka danna, shi ya sa yake lanƙwasa kamar kalangu a hammatar gwani. Cire iyafis ɗin dama, ka saurari hagu. Sannan ka juya. Za ka tarar ba layi ɗaya ba ne, an ɗora kilabinet a kan kilabinet, kowanne na cike gurbin da ɗayan ya bari. Game da lissafi, buga ƙafa sau huɗu, kowane bugu ka raba shi uku da yatsa. Masu raba shi biyu su ne ke cewa waƙar tana musu tuntuɓe.

A ƙarshen "Golden Lady" lura da yadda amshin ke hawa sama kaɗan-kaɗan duk lokacin da aka maimaita shi. A "Don't You Worry 'bout a Thing" bi fiyano, salon kiɗan Latin ne.

Ba Wonder kaɗai ya samar da waɗannan sautuka ba. Cecil da Robert Margouleff su ne suka haɗa TONTO, ƙatuwar na'urar sintesaiza da ake saita ta da wayoyi, su ke saitawa shi yana bugawa. Faifan ya ci kyautar Grammy ta faifan shekara a 1974, ya kuma ci ta ingancin naɗi.

Zagaye na uku: maganar da ke ciki

Yanzu nemo rubutattun baitocin ka bi da ido. "Too High" a kan shaye-shaye take. "Living for the City" labarin saurayi ne baƙar fata, ɗan talakawa daga Misisifi, wanda ya hau bas zuwa New York. Wajen minti na 4 waƙar ta koma wasan kwaikwayo: ƙugin bas, hayaniyar titi, wani ya damƙa masa ƙunshi, jiniyar 'yan sanda, alƙali ya yanke masa shekara 10. Ka saurari muryar Wonder kafin wannan wuri da bayansa. Ta farko sumul take, ta biyun ta dushe, tana karce maƙogwaro. Wannan sauyin ne ya isar da abin da kurkuku ya yi wa yaron, ko da ba ka jin Turanci sosai.

Kurakurai biyu sun yawaita a nan. Na farko, ɗaukar "Higher Ground" a matsayin waƙar wanda ya tsallake rijiya da baya. Gaskiya ne Wonder ya yi mummunan hatsarin mota a North Carolina ranar 6 ga Agusta, 1973, ya kwana huɗu bai san inda kansa yake ba, amma kwana uku ke nan bayan fitowar faifan. Waƙar ta riga hatsarin. Na biyu, "He's Misstra Know-It-All". Taushin fiyanon yana sa a zaci ta soyayya ce, alhali zambo ce ga mayaudari mai daɗin baki. Da yawa suna ganin da Nixon, shugaban Amurka na wancan lokacin, ake, sai dai ba a ambaci suna a ciki ba. A wannan waƙar Willie Weeks ne ke kaɗa jitar bes, don haka ka sake gwada kunnenka: bes na uku ke nan, ba na katako ba, ba Moog ba.

Kada ka haɗa zagayen uku a zama ɗaya. Bayan awa guda da iyafis kunne yana gajiya, ƙananan sautuka su fara cakuɗewa. Zagaye ɗaya a rana ya isa, na biyun ma gara ka raba shi, gefen farko yau, na biyu gobe.